Kwaɗon da Ba Ya Kullewa: Me Ya Sa Linux Ta Yar da Kullen Tilas?

A ƙarshen watan Oktoban 2021 aka fitar da Linux 5.15, kuma cikin abubuwan da suka ɓace daga zuciyar wannan manhaja har da kullen tilas na fayil, wanda ya shekara ashirin da ɗoriya yana zaune a ciki. Jeff Layton, mai kula da sashen kulle fayiloli, shi ya tumɓuke shi tun daga saiwa: layukan manhajar, da zaɓin kunna shi, da takardar da ke bayaninsa. Akwai masu ganin an karya tsohuwar dokar Linus Torvalds ta kada a lalata wa masu amfani da manhaja aikinsu. A ganina ba a karya komai ba, an ma daɗe ba a yi abin da ya kamata ba.

Dalilin da aka fi ambata shi ne kusan babu mai amfani da shi. Gaskiya ne. Tun 2015 aka rubuta zaɓin da ya bai wa masu haɗa Linux damar kashe shi, ya shiga siga ta 4.5, rabe-raben Linux irin su Fedora da RHEL 8 suka kashe, wasu suka bi sahu. Cikin shekarun nan duka, matsala ɗaya tak Layton ya ce ta iso kunnensa: wani ya koma sabon tsari, kalmar mand, wadda ake kunna kullen da ita, tana nan cikin fayil ɗinsa na fstab, kwamfutar ta ba shi matsala da aka sake kunna ta. Ashe shi ma ba ya amfani da kullen. Ya goge kalmar, ya ci gaba da harkarsa.

Sai dai rashin masu amfani alama ce kawai, cutar tana wani wuri. Kullen da kowa ya saba da shi a Unix na amana ne: manhaja ta sa alama cewa tana aiki a kan fayil, sauran manhajoji masu ladabi su duba su dakata. Haka flock da fcntl ke aiki, haka SQLite ke tsare bayanansa. Kullen tilas, wanda aka aro daga System V, ya yi alkawarin abin da ya fi wannan: ko manhaja ta duba ko ba ta duba ba, zuciyar Linux da kanta za ta tare ta a bakin ƙofa.

Alkawarin bai taɓa cika ba. Littafin jagoran fcntl kansa ya daɗe yana gargaɗin cewa ba abin dogaro ba ne. Ana duba kullen ne kafin a fara rubutu, saboda haka idan wata manhaja ta riga ta wuce wurin binciken, sannan kai ka ɗaura kullenka, rubutunta zai sauka a kan bayanan da kake zaton ka tsare. Irin wannan tseren yana faruwa wajen karatu, yana kuma faruwa da mmap. Ga hanyar kunna shi ma abin dariya: sai an haɗa faifai da zaɓin mand, sannan a ɗora wa fayil alamar setgid, a cire wa rukuni izinin gudanar da shi. Haɗi ne da ba shi da wata ma'ana a da, aka ara aka yafa masa. POSIX ba ta san da shi ba. Kuma duk wanda ke da izinin karanta fayil yana iya ɗaura masa kulle ya ƙi saki, ya bar masu rubutu a tsaye.

Ɗan kasuwar da ya san shagonsa ba ƙofa, ya kan kwana a ciki ko ya ɗauki mai gadi. Wanda ya dogara da ruɓaɓɓen kwaɗo kuwa gida yake tafiya ya yi barci. Wannan ne ainihin laifin kullen tilas. Ƙari a kan haka, bincikensa yana kwance a kan hanyoyin karatu, rubutu, buɗewa da rage girman fayil, wato inda aka fi zirga-zirga a duk tsarin. Duk mai son gyara wani abu a wurin sai ya yi kaffa-kaffa da layukan da kusan babu mai gwada su.

Masu ƙorafi suna da 'yar hujja. Shiru ba ya nufin babu kowa. Injinan masana'antu da tsofaffin kwamfutocin kamfanoni kan shekara goma ba a sabunta su ba, masu su kuma ba sa bin muhawarar masu haɗa Linux. Yanzu da ake yin biris da kalmar mand, a buga gargaɗi kawai a wuce, tsohuwar manhaja za ta iya ci gaba da gudu tana zaton tana da kariya. To amma da ma zaton ne kawai take da shi. Wanda ke buƙatar tilas na gaske, irin wanda Windows ke yi tun lokacin buɗe fayil, bai taɓa samunsa a nan ba.

Wannan ba shi ne karo na farko da Linux ta yar da wani abu ba, ba kuma na ƙarshe ba. A 2018 siga ta 4.17 ta sallami nau'o'in na'ura takwas a lokaci guda, nau'in na'ura na Itanium ya tafi a 6.7, tsarin fayil na ReiserFS a 6.13. Waɗancan sun mutu ne saboda kasuwa ta juya musu baya ko masu kula da su sun watse. Kullen tilas shi tun haihuwarsa gurgu ne. Abin koyi a labarinsa shi ne yadda aka bi da shi: aka mai da shi zaɓi, aka kashe shi a manyan rabe-raben Linux, aka saurara kusan shekara shida, aka sa gargaɗi, sannan aka cire. Dokar Torvalds tana kare aikin da mutane ke yi ne, kuma a tsawon wannan saurare mai ƙara ɗaya ya bayyana, shi ma kalma ɗaya ya goge ya huta.