Tufafi Da Guzurin Mai Tafiya Saudiyya A Lokacin Zafi

Ƙasar Saudiyya tana cikin ƙasashen waje da mutanenmu na karkara suke zuwa, ko dai domin aikin Hajji ko domin Umara, wasu kuma sukan haɗa da iyalansu a lokacin dogon hutun makarantu. Wannan bayani an shirya shi ne domin maniyyata da jami'an ƙananan hukumomi masu kula da bitarsu, dangane da abin da ya dace a sa da wanda ya dace a riƙa idan tafiyar ta faɗo cikin watannin zafi.

Da farko ya kamata jama'a su sani cewa lokutan shekara a can ba su zo daidai da namu ba. Daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'ad da damina ta kankama a nan, gari ya yi sanyi, a lokacin ne zafi yake kai maƙura a Makka da Madina, inda yakan zarce digiri 40 kusan kowace rana. Mutum zai bar gida ana ruwa ya sauka cikin zafin da ya fi na bazararmu. A Hajjin shekarar 2024, wanda aka yi a tsakiyar watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka shiga aikin ba da izini ba, suka yi doguwar tafiya a rana babu inuwa. Gaskiya ne lokacin Hajji yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ya sa na 2025 ya faɗo a farkon Yuni, amma ko watan Mayu a Makka ba abin wasa ba ne.

Yadin auduga marar nauyi shi ne ya fi dacewa, domin yana shan gumi, iska kuma tana ratsa shi. Yadin roba irin mai sheƙi yana tsare gumi a jiki har ya jawo ƙuraje. Farin tufafi ko mai haske ya fi baƙi, saboda baƙi yana jan zafin rana. Shadda mai sitaci da babbar riga mai aiki ado ne na gida. Wanda ya ga lallai sai ya riƙa, guda ɗaya ta isa domin Juma'a. Kaftani ko jallabiya mai faɗi kamar uku ko huɗu, haɗe da kayan bai-ɗaya da hukumar alhazai ta jiha take bayarwa, sun wadatar da namiji, tun da wanki yakan bushe cikin ɗan lokaci a wannan iska. Ga mata, doguwar riga ta atamfa ko ta auduga da hijabi marar kauri sun fi leshi da kaya masu duwatsu. Hijabi biyu ko uku ya fi ɗaya, domin a sami na canji idan gumi ya jiƙa shi.

Game da harami, ya kyautu namiji ya tanadi biyu, ya wanke su tun a gida domin su yi laushi. Akwai wata matsala da ba a cika faɗa wa sabon maniyyaci ba saboda kunya: da yake mai harami ba ya sa wando, cinyoyi sukan gogi juna a cikin gumi har su saɓule, mutum ya kasa tafiya ga aiki bai ƙare ba. Maganinta man basilin marar ƙamshi, a shafa kafin a fita. Haka kuma a nemi sabulu marar ƙamshi, tun da an hana turare a cikin harami, da ɗamara mai aljihu wadda za ta riƙe zane ta kuma adana kuɗi.

Takalmi kuwa shi ne abin da aka fi rainawa, alhali aikin kusan duk na ƙafa ne. Sa'ayi kaɗai, kai da komo sau 7 tsakanin Safa da Marwa, ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa masallaci daga masauki sau da yawa a rana, da tafiyar jifa a Mina. Kada a ajiye sabon takalmi sai ranar tashi. A fara sa shi mako biyu ko uku kafin tafiya domin ya saba da ƙafa. A riƙi silifas na biyu da ƙaramar jakar rataye da za a riƙa sa takalmi a ciki idan an shiga masallaci, domin wanda ya ajiye nasa a ƙofa sau da yawa ta wata ƙofar zai fito. Farin dutsen filin ɗawafi ba ya ɗaukar zafi sosai, amma kwalta da daɓen waje suna ƙona tafin ƙafa da tsakar rana. Wannan ya fi haɗari ga masu ciwon sukari, waɗanda kan ƙone ba su ji ba, kuma ciwon ya daɗe bai warke ba.

Laima wajibi ce ga kowa, namiji da mace, fara ko mai haske. Mai harami ba ya rufe kansa da hula, saboda haka laimar ce inuwarsa idan ya fita rana a Arfa da hanyar jifa. A haɗa da gorar ruwa wadda za a riƙa cikawa, da ƙullin gishiri da sukari irin wanda ake samu a asibiti, ana narka ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa. Kada a jira sai ƙishirwa ta kama. Idan aka ga mutum yana jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a kira ma'aikatan lafiya nan take.

Wani abin mamaki shi ne mai zuwa ƙasar zafi yana bukatar rigar sanyi marar nauyi ko mayafi. Jirgin sama da motoci da ɗakunan masauki da tantunan Mina duk suna da na'urar sanyaya wuri, kuma dattawan da ba su saba da ita ba sukan sha wahala da dare. Ƙaramar tabarma mai naɗewa tana da amfani a daren Muzdalifa, inda ake kwana a fili.

Masu shan magani kullum, kamar na hawan jini ko na sukari, su tanadi wanda zai ishe su tsawon tafiyar, wadda a Hajji takan kai wata guda ko fiye, su bar shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, a jakar hannu. Allurar insulin ba ta jure zafi, sai a nemi shawarar likita kan yadda za a adana ta. A jakar hannun ne kuma za a sa fasfo, wanda dole ya kasance da sauran wata 6 aƙalla kafin ya ƙare, da katin rigakafi. Saudiyya tana bukatar shaidar allurar sanƙarau, wadda za a yi aƙalla kwana 10 kafin isa, da ta shawara da rigakafin shan-inna ga masu zuwa daga Nijeriya. Batirin ajiye cajin waya shi ma a jakar hannu yake tafiya, ba a yarda a sa shi a babbar jaka ba. Wuƙa da almakashi da reza kuwa akasin haka ne, haka nan duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100. Soket ɗin lantarkinsu mai baki uku ne irin namu, don haka cajar gida za ta yi aiki.

Akwai kayan da ba a zuwa da su ko kaɗan. Goro yana cikinsu, kuma Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 2006, ta sha yin gargaɗi a kansa. Haka layu da guraye, waɗanda kan jefa mai su cikin tuhuma. Risho da tukunyar gas an hana su a Mina, inda gobarar shekarar 1997 ta hallaka fiye da mutum 300. Mafi tsanani shi ne miyagun ƙwayoyi irin su tiramadol, domin hukuncin safararsu a Saudiyya yakan kai ga kisa. Saboda haka kada kowa ya karɓi saƙo ko jaka daga hannun wani a sansanin alhazai ko filin jirgi, ko da an ce magani ne za a kai wa ɗan'uwa. Kowa ya ɗaure kayansa da kansa, ya rubuta sunansa da jiharsa a jiki, ya kuma duba yawan jakunkunan da aka rubuta da sunansa a wurin awo. A shekarar 2019 sai da wata ɗaliba 'yar Nijeriya ta yi kimanin wata 4 a tsare a Saudiyya kafin a tabbatar cewa wasu ne suka liƙa sunanta a kan jakar ƙwayoyi ba da saninta ba.

Dangane da nauyin kaya, a shekarun baya an saba da kilo 32 na babbar jaka da kilo 8 na jakar hannu, amma ƙa'idar takan canja daga shekara zuwa shekara da kuma kamfanin jirgi, don haka a tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukuma. Mai hikima yakan tafi da jakarsa rabi, ya bar wa tsaraba wuri. Ba a sa ruwan zamzam a cikin kaya. Akwai gora mai lita 5 da aka tanada domin haka.

Ana kira ga jami'an ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da su tabbatar an karanta wannan bayani a wuraren bita, musamman ga tsofaffi da waɗanda ba su taɓa hawa jirgi ba. Zai yi kyau a ware rana guda kafin a wuce sansani, kowane maniyyaci ya zo da jakarsa a buɗe a auna ta a gabansa.