Mutanen Da Suka Yi Wata Guda A Ƙarƙashin Bahar Maliya

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsofaffin alhazanmu, waɗanda suka tafi Makka ta ƙasa tun kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, ya sha jin labarin Bahar Maliya. Sukan ba da labarin Hartum da Sawakin da Bur Sudan, da yadda jirgin ruwa ke rangaji da mutane har su isa Jidda, wasu na amai, wasu na salati. Amma ba mu taɓa jin alhajin da ya ce ya leƙa ya ga abin da ke ƙarƙashin jirgin ba, ba kuwa za mu ga laifinsa ba. To, yau can ƙasan muke so mu kai masu karatu, don kuwa a wannan ruwan ne, kusan mil 30 arewa da Bur Sudan, waɗansu Faransawa suka kafa gida a gindin teku cikin shekarar 1963, suka zauna ciki wata guda cur, da kukunsu, har da aku.

Sai dai kafin mu kai ga gidan, ya kamata mu san yadda ɗan Adam ya sami ikon daɗewa cikin ruwa. Nutso ba sabon abu ba ne. Sarkawanmu na yi, kowa ya je Argungu ya gani. Amma komai gwanintar mai nutso, numfashinsa ne igiyarsa, 'yan mintoci kaɗan sai ya taso. Turawa sun daɗe da ƙera wata hular ƙarfe da akan tura wa iska ta mesa daga jirgi, amma mai sa ta yana ɗaure ne kamar akuya a turke, ga takalman dalma masu nauyin tsiya. Cikin shekarar 1943 wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Jak Kusto, da wani injiniya, Emil Ganyan, suka haɗa wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a bakin tulun ƙarfe da aka cusa wa iska. Mutum ya goya tulun a baya, ya ciji bakin mesa, in ya ja numfashi ta ba shi iska daidai da nauyin ruwan da ke kansa, in ya tsaya ta tsaya. Ya sa tabarau, ya sa takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa, shi ke nan, ya zama abokin tafiyar kifi.

Amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Duk ƙafa 33 da mutum ya yi ƙasa, watau gaba biyar da rabi a lissafin masu haƙa rijiya, nauyin da ke danne shi yakan ƙaru da kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke kanmu a tudu. Wannan dannawa tana tura wata iska da ake kira naitirojin cikin jini da tsoka. In mutum ya taso a hankali, sai ta fita ta numfashi ba a sani ba. In kuwa ya yi gaggawa, sai ta yi kumfa a jikinsa kamar an buɗe kwalbar lemo, gaɓoɓi su ƙage, wani ya shanye, wani ya mutu. Ban da wannan, in an wuce ƙafa 100 iskar nan takan bugar da mutum kamar wanda ya sha giya, ya yi ta jin daɗi yana manta inda yake. Abokin aikin Kusto, Moris Farg, haka ya halaka a bakin Tulon cikin watan Satumba 1947. Ya kai mita 120, kusan gaba 65 ke nan, ya sa hannu a allon da aka rataya a can, aka jawo shi mesa ta fita daga bakinsa.

Abin da ya fi tsorata masu nutso na farko shi ne kifin shak, wanda Larabawan bakin Maliya ke kira ƙirshi. Cikin 1948 Kusto da abokinsa Firedarik Duma suna nutso kusa da tsibiran Kef Bade, yamma da Dakar, sai ga wani ƙaton farin shak, irin da ake cewa ya fi kowane cin mutum. Suka sandare. Shi kuwa da ya hango su sai ya saki kashi, ya juya, ya ranta a na kare. Suka yi ta dariya, suka ɗauka ashe duk shak matsoraci ne. Ba a daɗe ba suka gane kurensu. Wata rana a tsakiyar teku, inda ba a ganin ƙasa, wani shak mai launin toka da farin baki a fukafukansa ya kama kewaya su. Suka yi masa ihu cikin ruwa, suka hura masa kumfa, ga wani magani da aka ce yana korar shak ɗaure a jikinsu, duk a banza. Jirginsu kuwa ya ɓace musu da gani. Can sai ya nufo Kusto kai tsaye, shi kuma ya dafe da abin da ke hannunsa, watau kyamarar ɗaukar fim, ya buga masa a hanci. Waɗansu shak biyu suka taso daga ƙasa suka shiga cikin dawafin. Da ƙyar kwalekwale ya iso aka tsame su. Su biyun sun ga bambancin da har yau masana ke nanatawa, cewa shak iri-iri ne, fiye da iri 500, kowane da halinsa.

A Bur Sudan kuwa wani ne ya riga Kusto. Hans Has, mutumin Ostiriya, ya sauka can shi kaɗai cikin 1949, ya koma cikin 1950 da ƙungiya, har da wata budurwa mai suna Lote, wadda ya aura daga baya. Su ne suka ɗauko wa duniya hoton kifin manta, wani shimfiɗaɗɗen kifi mai fukafukai wanda faɗinsa kan wuce ƙafa 15, ga ƙahoni biyu a gaba, abin tsoro a ido, alhali ba ya cin komai sai 'yan mitsi-mitsin halittun da yake tacewa daga ruwa. Has ya kuma shiga cikin Umbriya, jirgin Italiya da kyaftin ɗinsa ya nutsar da gangan a bakin Bur Sudan cikin watan Yuni 1940, don kada Ingilishi su ƙwace shi da ƙasarsa ta shiga yaƙi. Akwai bom wajen 360,000 a cikinsa, ba a kuwa kwashe su ba. Kifaye suka mai da shi gari.

Labarin da ya fi ba mu dariya shi ne na Jojo. Cikin 1955 jirgin Kusto mai suna Kalifso ya yada zango a tsibirin Asamshan cikin Tekun Indiya. Masu nutso suka riƙa sauka da guntattakin nama daga kicin suna ba kifaye. Wani ƙaton kifi mai faɗin baki da kaurin leɓe, wanda in ka gan shi sai ka tuna da giwan ruwa, ya ɗanɗana ya ji daɗi. Daga ran nan ya zame musu ƙarfen ƙafa. Da safe yana gindin tsani yana jira, in sun sauka ya bi su, ya yarda a shafa shi, Duma ya riƙe nama yana juyawa, kifi na juyawa tare da shi kamar masu rawa. Da abin ya yi yawa, ya hana su aiki, yana korar sauran kifaye yana shiga gaban kyamara, sai suka kama shi suka kulle cikin kejin ƙarfen da suka tanada don tsare kansu daga shak. Keji dai an yi shi don mutum ya shiga kifi ya tsaya waje, ga shi an wayi gari kifi ne a ciki.

Fim ɗin da aka ga Jojo a ciki ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na birnin Kan a 1956. Amma ba za mu ɓoye abin da ke cikinsa na assha ba. A fim ɗin nan aka ga sun fasa dutsen murjani da nakiya don su ƙidaya kifayen da suka mutu. Aka kuma ga jirgin ya banke ɗan kifin whale, jini ya jawo shak, ma'aikatan jirgin suka riƙa jawo su da ƙugiya suna sara da gatari, wai suna ramuwa. Ramuwar me? Shak abincinsa ya zo ci. Kusto kansa daga baya ya juya ya zama na gaba cikin masu kiran a kiyaye teku, har ya rasu a 1997. Lissafin da masana suka fitar a 2013 ya nuna mutane na kashe shak wajen miliyan 100 kowace shekara, da yawa don fukafukansu da ake miya da su a Asiya, alhali mutanen da shak kan kashe a duniya duka a shekara ba su cika wuce goma ba. Irin wanda ya kewaya Kusto ɗin nan, wanda a dā ya cika tekuna, cikin 2019 aka sa shi a jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

To, mu komo ga gidan. Dalilin gina shi shi ne wannan matsala ta tasowa. Mai nutso da ya yi aikin sa'a guda a wuri mai zurfi yakan ɓata lokaci mai yawa yana tsaye-tsaye a hanya kafin ya fito. Wani likitan sojan ruwa na Amurka, Joj Bond, ya nuna cewa in mutum ya kwana ya wuni a zurfi ɗaya, jikinsa yakan ƙoshi da iskar nan, ba ya ƙara ɗauka. Saboda haka ko kwana ɗaya ya yi ko wata, wahalar tasowa ɗaya ce. Kamfanonin man fetur na Faransa suka ga amfanin abin, suka taimaka da kuɗi. Aka zaɓi wani dutsen murjani da ake kira Sha'ab Rumi. Murjanin nan ɗan'uwa ne ga wanda matanmu ke ratayawa a wuya, kuma ko da yake kamar dutse yake ko itace, ƙananan dabbobi ne ke gina shi a hankali, shekara da shekaru.

Aka saukar da gidan ƙarfe a zurfin ƙafa 33, mai zaure a tsakiya da ɗakuna huɗu da suka miƙe kamar yatsu. Akwai gadaje da kicin da wurin wanka da wayar magana da jirgi. Ƙofarsa a ƙasa take, rami ne buɗe ba marfi, ruwa kuwa ba ya shiga. Wanda ya taɓa kifa ƙwarya a kan ruwa ya danna ya san dalili, iskar da ke ciki ce ke tare ruwan. Mutanen da ke ciki ba su wuce shida ba. In za su fita aiki sai su goya tulu su zura ta ramin, in sun gama su dawo su ci abinci, su yi dara irin ta Turawa, har da shan taba. Aku kuwa an sauko da shi ne cikin tukunya rufaffiya. Can ƙasa da su, kusan ƙafa 100, aka kafa wani ɗan ƙaramin ɗaki, mutum biyu suka yi mako guda ciki suna shaƙar iska da aka gauraya da hiliyam don kada ta bugar da su. Hiliyam kuwa yakan sirantar da murya, ƙato ya yi magana kamar ɗan tsako. Matar Kusto, Simon, ita ma ta sauka ta yi 'yan kwanaki a babban gidan.

Abin da suka fi yabawa shi ne sabo. Mai nutso na kullum baƙo ne, ya zo a firgice ya koma a gaggauce, kifaye na gudunsa. Waɗannan kuwa da suka zama maƙwabta, sai kifayen suka daina kula su. Kukun gidan ya saba da wani kifi har yakan zo taga neman abinci. Da dare suka riƙa fita da fitila, suka ga murjani ya buɗe yana kiwo, suka ga kifin da ake kira aku, saboda bakinsa, ya kwanta barci cikin rami. Fitilar ta kuma nuna musu launin da ido ba ya gani a can, don ruwa yakan shanye ja tun daga 'yan ƙafafun farko, har in mutum ya yanke a zurfi sai ya ga jininsa kore. Suna da wani ɗan jirgi mai kama da faifai biyu da aka kifa, mai ɗaukar mutum biyu ya kai su ƙafa 1,000, an kuwa gina masa garejinsa a gindin ruwa mai siffar albasa. Fim ɗin da aka yi a kan zaman nan ya ci kyautar Oska a 1965.

Kusto ya yi zaton nan gaba mutane za su kafa ƙauyuka a teku. Hakan bai yiwu ba, kuɗin ya yi yawa, kuma an sami injuna masu yin aikin ba da kasadar rai ba. Amma dabarar ta zauna, da ita masu gyaran bututun mai a teku ke aiki. Da aka gama aka ɗauke babban gidan, aka bar garejin da waɗansu kejuna. Murjani ya lulluɓe su. Shekaru da yawa masu nutso daga Turai suna zuwa Sha'ab Rumi, su shiga ta ƙarƙashin garejin su ɗago kai cikin 'yar iskar da ta taru a samansa, sa'an nan su gangara kudancin dutsen su ga garken shak mai kan guduma. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa Sanganeb da gaɓar Dungunab cikin wuraren tarihi na duniya. A Dungunab ɗin nan ake samun wata dabba 'yar'uwar ayun da ke Binuwai da Kwara. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu 2023 ya tsai da jiragen da ke kai baƙi, garejin Kusto ya koma hannun kifaye su kaɗai.