Haɗuwar Aikatau da Mallaka da Jam'i da Harafi a Jimlar Ingilishi: Matsalar Ɗalibin Badariya

3.0 Shimfiɗa

A babi na biyu an yi bayanin azuzuwan kalmomin Hausa bisa tsarin Galadanci (1976). A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba yadda aikatau da wakilin suna na mallaka da suna jam'i da harafi ke haɗuwa a jimlar Ingilishi, sannan a kwatanta da yadda Bahaushe ke faɗar wannan magana a harshensa. An ɗauki ɗalibin unguwar Badariya ta Birnin Kebbi a matsayin abin misali. Wannan ɗalibi da karin harshen Kabi ya tashi, wanda manazarta ke sanyawa cikin Hausar Yamma tare da Sakkwatanci. A aji ya haɗu da Daidaitacciyar Hausa, sannan Ingilishi ya zo na uku. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida kafin a koma Ingilishi, amma ko da wane harshe aka fara, muddin bai sami kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamantansu ba, to ba zai shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 ba, haka ma sauran jami'o'i. Lado (1957) ya nuna cewa mai koyon baƙon harshe yakan tafi da ƙirar harshensa na gado cikin sabon. A kan wannan ra'ayi aka gina bayanin da ke biye. Alamar * tana nuna jimlar da ba ta karɓu ba.

3.1 Wane ne ke juya wane?

A dubi waɗannan jimloli da ke bayanin masuntan Argungu ranar kamun kifi a Matan Fada:

(1) The fishermen went into the river with their nets.
(2) Masunta sun shiga gulbi da homarsu.

Ma'anarsu ɗaya ce, amma ginin ya bambanta. A jimla ta (1) aikau, wato fishermen, shi ne ya tilasta wa wakilin suna ya zama their, ya kuma jawo abin mallaka ya zama jam'i, domin kowane masunci da tasa homar. Aikatau went kuma shi ya kira harafin into. Ke nan igiyoyi biyu ne ke riƙe da jimlar, ɗaya daga aikau, ɗaya daga aikatau. A jimla ta (2) homa tilo ce, kuma babu Bahaushen da zai zaci cewa dukkan masuntan homa guda suka yi tarayya a kai. Haka nan "shiga" bai nemi wani harafi ba. Idan ɗalibi ya bi sawun Hausa ya rubuta with their net, Bature zai fahimci homa ɗaya ce tak ta gayya. A nan kuskuren ya wuce na nahawu, ya taɓa ma'ana.

3.2 Mallaka

Hausa tana nuna abu biyu a gajeruwar mallaka: jinsin abin da aka mallaka, ta hanyar nasaba -n ko -r, da kuma jinsin mai abin. Shi ya sa ake da gidansa, gidanta, rigarsa, rigarta. A bakin mutumin Badariya kuwa sai a ji gidanai, gidanta, rigatai, rigatta, har da rigammu da rigassu, inda nasabar mace ke rikiɗa ta zama baƙin da ke biye da ita. Ingilishi bai damu da jinsin abin mallaka ba, mai abin kawai yake kallo.

A ra'ayin mai wannan bincike, his da her ba su ne babbar matsalar Bahaushe ba, tun da harshensa ya riga ya koya masa rarrabe namiji da mace. Inda ƙafarsa ke zamewa shi ne its. A Hausa kowane suna tilo ko dai namiji ne ko mace, babu jinsi na uku. Mota mace ce, don haka "mota ta rasa tayoyinta" kan fito kamar haka:

(3) *The car lost her tyres.

Sai kuma barin mallakar baki ɗaya, musamman da sassan jiki. Bahaushe yakan ce "ku wanke hannu", "sun rufe ido", ba tare da ya faɗi na wane ne ba, domin an san mutum hannunsa zai wanke. Ingilishi ba ya yafe wannan:

(4) *Wash hand with soap.
(5) Wash your hands with soap.

Idan aka lura, gyara biyu aka yi wa jimla ta (4) a lokaci guda, an sa your, an kuma mayar da hand jam'i.

3.3 Jam'i

Hausa ta fi Ingilishi yawan hanyoyin gina jam'i nesa ba kusa ba, har ma karin Yamma ya ƙara nasa, kamar raƙumma a maimakon raƙuma. Abin mamaki shi ne, duk da wannan arziki, Bahaushe bai cika amfani da jam'i ba inda adadi ya riga ya bayyana. Manomin shinkafa a fadamar Rima "buhu goma" zai ce ya samu, ɗan kasuwa kuma "naira ɗari". Daga nan ne *ten bag of rice ke fitowa.

Akwai kuma kishiyar wannan. Wasu sunaye da Hausa ke yi wa jam'i, Ingilishi ba ya ƙirga su. Shawara tana da shawarwari, bayani yana da bayanai, kuɗi da kaya kuwa lamirin jam'i suke ɗauka, kamar a "kuɗina sun ƙare" da "kayansa sun ɓace". Saboda haka sai a sami:

(6) *He gave me his advices.
(7) *His luggages are lost.

Irin wannan ba Hausawa kaɗai ke yin sa ba, Jowitt (1991) ya kawo makamantansa a Ingilishin Nijeriya gaba ɗaya. Sai dai ga Bahaushe harshensa na ƙara masa ƙarfin gwiwar cewa daidai ya faɗa.

Har ila yau, ɗafin -s kansa yana da ruɗani, domin a jikin suna jam'i yake nunawa, a jikin aikatau kuwa tilo: the boy sells, amma the boys sell. Aikatau na Hausa ba ya sauyawa saboda adadin aikau, lamirin suna ne ke ɗaukar wannan nauyi, kamar a "yaro ya sayar", "yara sun sayar". Shi ne ma dalilin da kan sa ɗalibi ya cusa wakilin suna bayan aikau ya ce *my brothers they sell, yana neman gurbin "sun".

3.4 Aikatau da harafi

Nan ne aikin ya fi yawa. Haruffan Hausa 'yan kaɗan ne, kowane kuma na ɗaukar kaya da yawa. Harafin "a" shi kaɗai yana tsayawa a gurbin in da on da at: a Badariya, a ranar Litinin, a ƙofar gida. "Da" yana zama with a "da wuƙa", ya zama in a "da safe", ya koma at a "da dare". Ɗalibin da ya haddace cewa "a" tana nufin in, to zai rubuta *in Monday, kuma a ganinsa bai yi laifi ba.

Bugu da ƙari, abin da Ingilishi ke faɗa da harafi, sau da yawa Hausa a jikin aikatau take faɗarsa. Parsons (1960) ya kasa aikatan Hausa giredi bakwai, kuma sauyin giredi kan sauya inda aiki ya dosa: fita da fito, saya da sayo da sayar. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na aro. Saiwa ɗaya ce ke ba da "ya ari littafi" da "ya ara mini littafi", alhali Ingilishi kalmomi biyu gare shi, kowace da harafinta, borrow from da lend to. Don haka "ara mini littattafanka" kan zama:

(8) *Borrow me your books.

Wannan "mini", da "wa" da ke zuwa kafin suna, wadda a Kabi ake faɗa "ma", kamar a "ya kai ma Bello", ba fassara ɗaya gare su ba. A "ya kawo mini" to me ne, a "ya saya mini" for me ne, a "ya ƙwace mini" kuwa from me ne. Aikatau ne ke yanke hukunci, ba "mini" ba. Jimlar "an sace mini takalmana" ta tara duk matsalolin wuri ɗaya:

(9) *They stole me my shoe.
(10) My shoes were stolen.

Akwai aikatan da Hausa ke haɗawa da karɓau kai tsaye, Ingilishi kuwa sai da harafi: jira, saurara, nema, wato wait for, listen to, look for. Aikatan tafiya ma haka suke, "ya tafi Argungu" ba ya buƙatar komai a tsakani, sai ɗalibi ya rubuta *he went Argungu. Da aka gyara masa kuma, sai ya zarce ya ce *he went to home, ga shi home ita ce ba ta son harafin. A ɗaya ɓangaren, "tattauna a kan" ya dace da *discuss about da ake yawan ji, inda Ingilishi ba ya son kowane harafi.

Wani abin lura shi ne, Hausar labaran rediyo tana da jimlar da ta yi kusan daidai da ƙirar Ingilishi kalma bayan kalma, wato "sun rasa rayukansu a haɗarin jirgin ruwa", they lost their lives in a boat accident. Aikatau, jam'i, mallaka da harafi duk sun hallara a kowane ɓangare, sai dai Hausa ta sa mallaka bayan suna, Ingilishi ya sa ta gaba. Malamin da ya fara da irin wannan jimla da ɗalibi ya saba ji, zai fi samun sauƙin nuna masa dalilin da ya sa "homarsu" ta jimla ta (2) dole ta koma their nets.