Shin juyawar duniya ce ke tsara yadda ruwa zai karkata idan yana zurarewa?

A garin Nanyuki na ƙasar Kenya, da Kayabwe a Uganda, da kuma kusa da birnin Kito na Ikwado, akwai masu nuna wa 'yan yawon buɗe ido wani abin mamaki a kan layin Ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu. Sukan zuba ruwa a kwano mai huji a ƙasa, su ɗora tsinken ashana. A arewa da layin, tsinken ya juya ta wani ɓangare. Idan aka yi 'yan taku zuwa kudu, ya juya ta ɗaya ɓangaren. Bidiyon wannan wasa yana yawo a Facebook da TikTok tare da iƙirarin cewa juyawar duniya ce sanadi. Iƙirarin ya jingina da ilimi na gaskiya, amma an ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Abin da yake gaskiya

Duniya tana zagaye kanta sau ɗaya a kusan awa 24, daga yamma zuwa gabas. Wanda yake tsaye a kan Ikwaita yana tafiya tare da ita da gudun kusan kilomita 1,670 a awa, kuma gudun yana raguwa yayin da aka nufi ƙuryar arewa ko ta kudu. Saboda wannan bambanci, iska ko ruwan teku da ya yi tafiya mai nisa yakan baude: zuwa dama a rabin duniya na arewa, zuwa hagu a na kudu. Ana kiran wannan tasirin Coriolis, da sunan masanin lissafi ɗan Faransa Gaspard-Gustave de Coriolis, wanda ya yi bayaninsa a 1835. Shi ya sa mahaukaciyar guguwar teku take juyawa saɓanin hannun agogo a arewa, take bin hannun agogo a kudu.

Inda iƙirarin ya karye

Guguwa tana mamaye ɗaruruwan kilomita, tana kwanaki tana haɗuwa, don haka tasirin yana samun sarari da lokacin taruwa. Ruwan baho kuwa bai kai faɗin mita guda ba, kuma cikin daƙiƙu yake ƙarewa. A wannan ƙaramin fili, tasirin ya gaza ƙarfin da ke jan ruwan ƙasa sau miliyoyi. Abin da ke yanke hukunci shi ne siffar mazubin, da karkatarsa, da ragowar motsin da ruwan ya samu tun lokacin zuba shi. A masai na zamani ma, ramukan da ruwa ke fitowa ne suke tura shi ta ɓangare guda.

Wani abin lura kuma, a kan Ikwaita ne wannan tasiri yake ɓacewa gaba ɗaya, shi ya sa da wuya guguwar teku ta haɗu a kusa da layin. Ke nan wurin da ake wasan shi ne inda ya fi ko'ina rashin dacewa da shi. Sirrin yana hannun mai nunin: gefen da ya zuba ruwan, ko yadda ya juya jikinsa riƙe da kwanon, ya isa ya ba ruwan alkibla.

Gwajin da ya yi nasara

Masana sun taɓa ganin tasirin a ƙaramin mazubi, amma da wahala. A 1962, Farfesa Ascher Shapiro na jami'ar MIT a Amurka ya cika wani tanki mai faɗin kusan mita biyu, ya rufe shi daga iska, ya bar ruwan ya kwanta na awa 24. Da ya buɗe ɗan ƙaramin huji a tsakiya, ruwan ya ɗauki kusan minti 20 yana zurarewa, kuma daga bisani ya fara juyawa a hankali saɓanin hannun agogo. A 1965 masu bincike a Jami'ar Sydney da ke Ostireliya suka maimaita gwajin, ruwansu ya bi hannun agogo.

Hukunci

Iƙirarin yaudara ne. Juyawar duniya tana tsara alkiblar guguwa da igiyoyin teku, ba ta tsara ta ruwan baho ko masai. Kowa yana iya tabbatarwa a gida: a cika mazubai daban-daban, a zurar da ruwan sau goma, a rubuta sakamakon. Za a ga hagu, za a ga dama, duk a unguwa ɗaya.

Ƙaryar da ta fi daɗewa ita ce wadda aka gina a kan gaskiya, domin duk wanda ya bincika zai tarar da sunan masani da shekara, sai ya sakankance. Haka ake yi da alƙaluman tattalin arziki a lokacin yaƙin neman zaɓe: adadi sahihi, fassara gurguwa. Tambayar da ta tona asirin kwanon Nanyuki ita ce ta dace da su: gaskiya ne, amma a wane ma'auni, kuma hannun wa ke riƙe da kwanon?