Kafin Alli, a Ba Yaro Tsakuwa

Kwanakin baya na je gaishe da yayata, sai ta kira autarta mai shekara huɗu ta ce ta zo ta yi wa kawu ƙirga. Yarinya ta goya hannu a baya, ta zubo shi da Turanci tun daga ɗaya har hamsin, ko tuntuɓe babu. Aka yi tafi. Can da aka kawo dabino a faranti na ce, "Auta, ɗauko mini guda biyar." Ta zura hannu ta damƙo, ta zube mini a tafi. Da muka ƙirga tare, takwas ne. Na ce, "To, nawa ke nan?" Sai ta koma kan ɗaya, ta kama rerawa daga farko.

Ba laifinta ba ne, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Abin da ta iya hadda ce, irin wadda yaro ke yi wa waƙar talla. Sanin adadi wani abu ne daban, kuma ta hannu yake shiga. Wasu masu nazarin tunanin yara a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun fayyace wannan a 1978. Kafin a ce yaro ya iya ƙirga, sai ya san kowane abu suna ɗaya yake samu, ba a tsallake wani, ba a taɓa wani sau biyu. Sai ya san sunayen a jere suke, huɗu ba ta riga uku. Sannan babbar gaɓa, wadda autar yayata ba ta kai ba tukuna: lambar da aka faɗa a ƙarshe ita ce jimlar abin da ke gabansa. Yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan abu yana ƙirgawa ba, ta ina zai gane haka?

Akwai gwajin da Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, ya shahara da shi, kuma kowace uwa za ta iya yi a tsakar gida. A jera murafen kwalba biyar, a jera wasu biyar daidai ƙarƙashinsu. Yaro zai ce daidai suke. A gabansa, yana kallo, a baza layi ɗaya ya yi tsawo. Yawancin 'yan ƙasa da shekara shida za su ce mai tsawon ya fi yawa, alhali ba a ƙara komai ba. Ido ne ya rinjaye su. Maganinsa ba tsawa ba ce. A bar shi ya tattara, ya baza, ya haɗa kowane murfi da abokinsa, yau da gobe, har ya yarda da kansa cewa biyar biyar ce ko ta kwanta ko ta miƙe.

Batun ba sabo ba ne. Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara a Jamus ya kuma raɗa mata suna "lambun yara" a 1840, da gutsattsarin katako ya koyar. Maria Montessori da ta buɗe ajinta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, duwatsun ado da sanduna goma masu tsawo daban-daban ta ba yara, da lambobi masu kaushi da za su bi da yatsa. Ko manufar ilimi ta Najeriya ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a matakin share fagen firamare. Amma leƙa azuzuwan naziri da yawa: ɗan shekara uku riƙe da fensir, an ba shi aikin gida ya cika shafi da lamba 8. Kuma a faɗi gaskiya, sau da yawa mu iyaye ne ke matsa wa malamai. Idan yaro ya dawo ya ce yau wasa aka yi, sai mu ga kamar kuɗin makaranta ya tafi a banza.

Alhali kayan aikin suna zube a gidajenmu. Yarinyar da ke carafke tana kwasar tsakuwa ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, ai rukuni take koyo, tushen ninkawa. Mai 'yar gala-gala tana bin gidaje a jere. Yaron da ya tsuguna kusa da masu dara yana ganin gurabe talatin a layi-layi, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa sha biyu. Wasan kasuwa kuwa ya fi su duka: a kasa tsakuwa kashi-kashi kamar mai tumatir, a yi kuɗi da ganye, a yi ciniki, a nemi canji. A ba yaro gwangwanin madara da kwano da yashi, a tambaye shi gwangwani nawa zai cika kwanon. Bari ya yi hasashe tukuna, ko da ya ce ɗari, sannan ya auna. Lokacin cin abinci a ce ya kawo cokali daidai da mutanen da ke zaune. In ya kawo ya yi saura, ya gamu da ragi. In bai isa ba, ya gamu da ƙari. Sai dai a kula, ɗan ƙasa da shekara uku ba a barin sa da wake ko ƙwallon dabino, don baki da hanci yake kai su.

Wani abin da muke rainawa shi ne harshenmu. Bahaushe in ya ce goma sha ɗaya, goma sha biyu, ya riga ya gaya wa yaro cewa goma ce aka ɗora wa wani abu. Turanci bai yi masa wannan gatan a sha ɗaya da sha biyu ba, sunaye ne kawai da zai haddace. In kuwa kaka ta ce ashirin ba ɗaya tana nufin sha tara, ta yi masa darasin ɗebewa ba ta sani ba. Turancin zai zo, ba ya gudu. A fara da harshen da yaro yake neman abinci da shi.

Ba dogon zama ake bukata ba. Minti goma ya isa, kuma da ya fara hamma ko ya juya kai, a tashi. In ya yi kuskure, maimakon a ce "ba haka ba ne", a ce "zo mu sake dubawa".

Na koma gidan yayata bayan wata biyu. Uwar ta ce tun ranar Auta ce ke raba wa yaran gida ƙuli-ƙuli, ɗaya naka, ɗaya nata, har ya ƙare. Na sake neman dabino biyar. Ta ɗora yatsa a kan kowane ɗaya, ta tura mini, ta ce, "Kawu, ga biyar." Yau da yamma, mai karatu, ka gwada naka yaron da wannan tambayar kafin ka tambaye shi ko ya kai ɗari.