Yadda 'Yan Tsuntsaye Su Ke Riƙe Karatu

Mutane da yawa suna zaton kowane tsuntsu da kukansa a ke ƙyanƙyashe shi. To, ga waɗansu haka ne, kamar kurciya. Amma akwai waɗanda sai sun koya daga manya, kamar yadda yaro ya ke koyon magana.

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani ɗan tsuntsu mai kama da gwara, mai farin zane a ka. Wani masani mutumin Ingila, Peter Marler, ya ɗebo 'ya'yansa daga sheƙa, ya rena su a keɓe, yana kunna musu kukan manyansu a rakoda. A cikin 1970 ya bayyana abin da ya gani. Wanda ya ji kukan tsakanin kwana 10 da kwana 50 da ƙyanƙyasa ya kan riƙe shi, ko da ya ke ba zai fara rerawa sosai ba sai bayan watanni. Watau karatun yana ajiye a kansa duk wannan lokaci. Wanda aka kunna wa bayan kwana 50 kuwa bai ɗauka ba, kukan wani iri dabam ma duk suka ƙi shi.

Aka ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe da saura. A cikin 1984 Luis Baptista da Lewis Petrinovich suka ajiye rakoda, suka sa tsuntsu mai rai kusa da kejin 'yan koyon. Sai ga waɗanda suka wuce kwana 50 sun koya, har waɗansu suka ɗauke kukan wani jan tsuntsu na ƙasashen Asiya, wanda ba danginsu ba ne. Duk malamin da ya taɓa barin yara da rubutu a allo ya fita, ba zai yi mamakin wannan ba.

Yawan maimaitawa fa? A cikin 1999 Ofer Tchernichovski da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gwada wani ƙaramin tsuntsun Ostareliya mai jan baki. Waɗanda suka ji kukan sau 40 a yini, abin da bai fi rabin minti ba in an haɗa, sun kwaikwaya kusan cikakke. Da aka ƙara musu yawan ji, sai kwaikwayon ya ragu, suka zubar da waɗansu gaɓoɓin kukan.