Hunturu da Injin Turbo a Hanyar Tsamiya

Manyan motocin da ke bi ta Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo, su ƙetara zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, galibinsu suna da turbo, wato na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa domin ta cusa ƙarin iska cikin inji, mai ya ƙone sosai, ƙarfin ja ya ƙaru. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, aikin wannan na'ura yakan sauya, domin iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi: iskar asuba mai digiri 15 ta fi ta tsakar ranar bazara mai digiri 40 da kusan kashi 9 cikin ɗari.

A motar da aka bari yadda kamfani ya ƙera ta, wannan riba ce, saboda akwai ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi idan matsin iska ya kai iyaka. Amma inda makaniki ya taɓa saitin inji don ƙarin gudu, matsin yakan zarce ƙima, kwamfutar motar ta datse mai ana tsakiyar tafiya, ko tiyon iska ya fice, kuma wannan ganganci ne ga motar da ke ɗauke da kaya da mutane.

Ƙurar hunturu kuwa takan toshe matatar iska, sanyi kuma ya sa baƙin mai ya yi kauri da safe, alhali turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Ya kamata direba ya duba matatar a kai a kai, ya kuma bar inji ya ɗumama kafin ya taka totur.